Saga pedo

Saga pedo wata irin fara ce daga dangin Tettigoniidae, wato dangin fari masu dogayen eriya a ka, waɗanda ake kira katydid a Turancin Amurka. Tana rayuwa a busassun filayen ciyawa masu ɗumi, tun daga Fotugal da Sifaniya a yammacin Turai har zuwa Kazakistan da yankin Xinjiang na ƙasar Sin. Tana cikin ƙwari mafiya girma a nahiyar Turai, domin tsawonta na iya kai santimita 12 idan an haɗa da bututun da take zuba ƙwai da shi. Ba ta tashi, ba ta kuka, kuma ba ta cin ganye. Abincinta wasu ƙwari ne, musamman fari. An fi saninta da yadda take hayayyafa ba tare da namiji ba, ta yadda kusan duk wadda aka taɓa gani mace ce. Duk da faɗin yankin da take ciki, ba kasafai ake ganinta ba, kuma dokokin Tarayyar Turai da na ƙasashe da dama sun ba ta kariya.

Suna da rabe-rabe

Masanin halittu ɗan ƙasar Jamus, Peter Simon Pallas (1741–1811), shi ne ya fara bayyana wannan fara a kimiyyance a shekarar 1771, a lokacin da yake tafiyar bincike cikin lardunan daular Rasha. Ya sa mata suna Gryllus pedo. A shekarar 1825 Toussaint de Charpentier ya kafa jinsin Saga, wanda a cikinsa take har yau. Kalmar saga a harshen Latin tana nufin bokanya ko matsafiya. Wannan ma'anar ta fito a sunanta na Faransanci, magicienne dentelée, wato matsafiya mai haƙoran zarto. Sunanta na Jamusanci, Große Sägeschrecke, da na Hangariyanci duk suna nuni ne ga ƙayoyin ƙafafunta masu kama da bakin zarto. Rashawa kuwa suna kiranta dybka stepnaya, suna danganta ta da manyan filayen ciyawa na kudancin ƙasarsu.

Matsayinta a rabe-raben halittu shi ne:

Masarauta: Animalia
Rukuni: Arthropoda
Aji: Insecta
Oda: Orthoptera
Dangi: Tettigoniidae
Ƙaramin dangi: Saginae
Jinsi: Saga
Nau'i: Saga pedo

Odar Orthoptera ta haɗa fara da babe da gyare. Dangin Tettigoniidae kaɗai yana da nau'o'i fiye da 8,000 a duniya. Sun bambanta da farar da aka saba gani a gona ta hanyoyi da dama. Eriyarsu sirara ce doguwa kamar zare, alhali ta farar gona gajera ce. Gaɓar jinsu tana kan ƙafafun gaba, ta farar gona kuwa tana gefen ciki. Mazansu suna kuka ta hanyar goga fikafikan gaba da juna, kuma matansu suna da dogon bututun ƙwai mai kama da takobi.

Sauran nau'o'in jinsin Saga, kamar Saga natoliae da Saga hellenica da Saga campbelli da Saga rammei da Saga ephippigera, sun taru ne a yankin Balkan da Turkiyya da Gabas ta Tsakiya. Dukansu suna da maza da mata. Saga pedo ce kaɗai a cikinsu ta yaɗu zuwa yammaci da tsakiyar Turai da kuma tsakiyar Asiya. Ƙaramin dangin Saginae yana da wakilai a Afirka ma, kamar jinsin Clonia da ake samu a kudanci da gabashin nahiyar.

Siffa

Jikin Saga pedo dogo ne siriri. Tsawon gangar jikin babba yakan kai santimita 6 zuwa 7, bututun ƙwai kuma ya ƙara santimita 3 zuwa 4. Bututun yana ɗan lanƙwasa sama kamar takobi, kuma yana da ƙananan haƙora a bakinsa waɗanda ke taimaka mata wajen huda ƙasa. Mutane kan ɗauka ƙari ne irin na kunama, amma ba ta harbi da shi kuma ba ta da dafi. Sai dai tana da muƙamuƙi masu ƙarfi, tana iya cizon wanda ya kama ta da hannu.

Launinta galibi kore ne, da farin layi ko mai ɗan rawaya da ya bi gefen jiki daga kai zuwa ciki. Akan sami masu launin ƙasa-ƙasa ko ruwan toka, musamman a wuraren da ciyawa ta bushe. Kanta dogo ne mai tsini, goshinsa ya karkata baya sosai. Fikafikanta sun ƙanƙance har kusan babu su, shi ya sa ba ta iya tashi.

Ƙafafun gaba da na tsakiya suna da kauri, kuma suna ɗauke da layukan ƙayoyi masu ƙarfi a gefen ciki. Da su take riƙe abin da ta kama. Ƙafafun baya dogaye ne amma sirara, ba su da kaurin cinya irin na farar gona, saboda haka tsallenta ba ya nisa. Yawanci tafiya take yi a hankali cikin ciyawa, tana ɗan rangaji gaba da baya kamar ganyen da iska ke kaɗawa. Wannan tafiya da launin jikinta su ne suke ɓoye ta daga abokan gaba da kuma abin da take farauta.

Yankunan da ake samunta

Yankin Saga pedo ya miƙe daga gaɓar tekun Atlantika har tsakiyar Asiya, amma ba a haɗe yake ba. A mafi yawan ƙasashe tana zaune ne a ƙananan wurare da ke warwatse, nesa da juna.

A kudu maso yammacin Turai ana samunta a Fotugal da Sifaniya da kudancin Faransa, musamman a yankunan Provence da Languedoc da kwarin kogin Rhône. Tana nan a sassan Italiya da dama, har da tsibirin Sisili.

A tsakiyar Turai wurarenta ƙanana ne kuma sanannu. A Suwizalan tana cikin yankuna biyu: kwarin Rhône a jihar Valais, kusa da garin Martigny, da kwarin kogin Rhine kusa da garin Chur. A Ostiriya tana gabashin ƙasar, a kwarin Wachau da tsaunukan Hainburg da kewayen tafkin Neusiedl. A Jamhuriyar Cek tana kudancin Morabiya, musamman a tsaunukan Pálava. A Slobakiya an san ta a tsaunin Devínska Kobyla da ke gefen birnin Bratislava, a Hangari kuma har cikin tsaunukan Buda da ke birnin Budapest.

Daga nan yankinta ya bi ta ƙasashen Balkan da Romaniya da Moldoba da Yukren zuwa kudancin Rasha, inda take zaune a filayen kogunan Don da Volga da kudancin tsaunukan Ural, da kuma yankin Kokeshiya. Ta gabas ta kai Kazakistan da kudancin Siberiya ta yamma da arewa maso yammacin Sin. Babu ita a Birtaniya da ƙasashen Sikandinabiya.

Muhalli

Abu biyu take bukata: ɗumi da ciyawar da ba a taɓa ba. A gabashin yankinta mazauninta na asali shi ne shimfiɗaɗɗen filin ciyawa mara bishiyoyi wanda garma ba ta taɓa shiga ba, inda ciyawar Stipa mai gashi kamar na tsuntsu ta fi yawa, da kuma gangaren kwaruruka da gefen duwatsu. A gaɓar tekun Bahar Rum tana zaune a busasshen daji mai gajerun itatuwa da ciyayi masu ƙamshi, wanda Faransawa ke kira garrigue, da tsofaffin gonaki da lambunan inabi da aka daina nomawa.

A tsakiyar Turai, inda yanayi ya fi sanyi, sai ta taƙaita ga gangaren tsaunuka masu fuskantar kudu, galibi a kan ƙasa mai dutsen alli. Irin waɗannan gangare sun fi samun hasken rana, ruwa ba ya kwanciya a kansu, kuma ƙasarsu tana saurin ɗumama. Wannan ya dace da ƙwan da ke kwance a cikin ƙasa. Wurin da ya fi mata shi ne wanda ya haɗa doguwar ciyawa da 'yan itatuwa jefi-jefi da kuma ɗan fili mara ciyawa. A cikin doguwar ciyawa take ɓuya da farauta, a fili mai taushi kuma take zuba ƙwai. Idan ciyawa ta yi gajarta da yawa ba ta da mafaka. Idan itatuwa suka rufe wurin, inuwa ta hana ƙasa ɗumama.

Ko a wurin da ya dace da ita ba ta da yawa. Kasancewarta babbar mafarauciya, kowace ɗaya tana bukatar fili mai yalwar ƙwari, don haka a warwatse suke zama.

Abinci da farauta

Saga pedo ƙwari kawai take ci tun tana ƙarama. Ƙananan suna kama ƙananan ƙwari, manya kuma suna kama fari iri-iri da 'yan danginsu na Tettigoniidae, wani lokaci har da ƙoƙi-ƙoƙi. Farautarta ta kwanto ce. Takan tsaya cik a kan ciyawa ko reshe, ko ta matsa a hankali har abin ya zo kusa, sai ta cafke shi da ƙafafun gaba da na tsakiya. Ƙayoyin ƙafafun su hana shi kuɓucewa, sannan ta cije shi a wuya ko bayan kai. Takan cinye sassa masu taushi ta bar fikafikai da ƙafafu. Wannan salo ya yi kama da na ƙoƙi-ƙoƙi, ko da yake ba danginsu ɗaya ba. Suna kuma cin junansu idan babba ta ci karo da ƙarama.

Ta fi yawo da yamma da cikin dare, musamman a watanni masu zafi. Da rana takan laɓe cikin ciyawa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa da wuya a gan ta, kuma masu bincike sukan neme ta ne da fitila bayan faɗuwar rana. Abokan gabanta sun haɗa da tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi da ƙananan dabbobi masu cin ƙwari. Ba ta yi wa amfanin gona wata illa, tunda ba ta cin tsiro.

Haihuwa ba tare da namiji ba

A yawancin ƙwari sai namiji ya sadu da mace kafin ƙwai ya yi rai. A wurin Saga pedo ƙwan yana girma da kansa, kuma abin da ke fitowa mace ce wadda ta gaji ƙwayoyin halittar uwarta kaɗai. Saboda babu bukatar kiran abokin saduwa, babu kuka a wannan nau'i, alhali mazan sauran nau'o'in Saga suna da gajerun fikafikai da suke kuka da su.

Tsofaffin rahotanni da suka ambaci samun maza galibi an gano cewa wasu nau'o'in Saga ne aka yi wa kuskuren suna. A cikin shekarun 2000 an ba da rahoton samun namiji guda a Suwizalan, abin da masana suka ɗauka a matsayin lamari na ba-safai.

Wannan hali yana da alaƙa da yawan kuromozom ɗinta, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta. Yawancin dabbobi suna da jeri biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Masanin Suwizalan Robert Matthey, wanda ya yi nazarinta a shekarun 1940, ya ƙirga kuromozom 68, aka fassara hakan da cewa jeri huɗu gare ta, kusan ninki biyu na 'yan uwanta masu maza da mata. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya ƙirga 70, ya kuma kawo ra'ayin cewa jeri biyar ne. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa tana da kusanci da Saga campbelli ta yankin Balkan.

Haihuwa ba namiji tana da riba da hasara. Ribar ita ce mace guda, ko ma ƙwai guda, ta isa ta kafa sabuwar zuriya a sabon wuri, kuma kowace ɗaya a cikin zuriyar tana zuba ƙwai. Ana ganin wannan na cikin abin da ya ba ta damar yaɗuwa fiye da dukan 'yan uwanta duk da ba ta tashi. Hasarar kuwa ita ce ƙarancin bambancin gado tsakanin 'ya'yan zuriya ɗaya, wanda kan rage wa halitta ikon jure sabuwar cuta ko sauyin muhalli.

Zagayen rayuwa

Ƙananan suna ƙyanƙyashewa a watan Afrilu ko Mayu, gwargwadon ɗumin wurin. Kamar sauran fari, suna fitowa da siffar manya sai dai ƙanana, ba sa bin matakin tsutsa. Suna saɓa sau da dama, kusan sau shida, kafin su girma. Manya suna bayyana daga ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, kuma ana ganinsu har Satumba ko Oktoba. Sanyin hunturu yana kashe su, ƙwai ne kaɗai ke tsallake shi.

Makonni kaɗan bayan ta girma, macen takan fara zuba ƙwai. Takan taɓa ƙasa da eriyarta don neman wuri mai kyau, sannan ta ɗaga jiki ta soka bututun a tsaye cikin ƙasa. Ba ta zuba su duka a rami ɗaya. A tsawon rayuwarta takan zuba ƙwai tsakanin 25 zuwa 80, kowanne dogo ne mai kimanin santimita ɗaya, wanda babba ne ƙwarai a ma'aunin ƙwan ƙwari.

Ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa a shekarar da aka zuba shi. Yakan kwanta cikin ƙasa shekara biyu ko uku, wani har biyar. Ƙwan uwa ɗaya ma ba sa fitowa lokaci guda. Wannan yana kare zuriyar daga shekara mara kyau, domin idan sanyi ko fari ya kashe waɗanda suka fito bana, akwai saura a ƙasa. Hakan kuma yana nufin cewa rashin ganinta a wani wuri cikin shekara ɗaya ba ya tabbatar da cewa ta ƙare a wurin.

Bayyanarta a Amurka

A shekarar 1970 an sami Saga pedo a gundumar Jackson ta jihar Mishigan a Amurka, nesa ƙwarai da yankinta na asali. Daga 1970 zuwa 1972 an kama guda shida a wurin. Masanin ƙwari Irving Cantrall, wanda ya wallafa labarin a 1972, ya yi hasashen cewa ƙwanta ne ya zo cikin ƙasar da ta maƙale a jikin kayan noma da aka kawo daga Italiya. Lamarin ya zama misalin yadda ƙwai mai jure dogon lokaci da haihuwa ba namiji ke iya kai nau'i wata nahiya. Ba ta yaɗu ba, kuma ana ɗaukar cewa zuriyar ta ɓace daga can.

Barazana

Babbar barazanar da take fuskanta ita ce rasa muhalli. A Yukren da kudancin Rasha da arewacin Kazakistan an mai da mafi yawan filayen ciyawa na asali gonakin hatsi, ciki har da miliyoyin hekta da aka nome a shirin buɗe sabbin filaye da Tarayyar Sobiyet ta fara a 1954. Huɗa tana kawar da ciyawar da take ɓuya a ciki, tana kuma lalata ƙwan da ke jira a ƙasa, wato zuriyar shekaru da dama a lokaci guda. A irin waɗannan yankuna ta rage ne a gangaren kwaruruka da wurare masu duwatsu da kuma gandun da aka keɓe.

A yammaci da tsakiyar Turai matsalar ta ɗauki wata fuska. Busassun gangaren da take zaune a kai sun daɗe a buɗe ne saboda kiwon tumaki da awaki. Da aka rage kiwo a wurare da yawa cikin ƙarni na 20, sai itatuwa suka mamaye su. A wasu wuraren an dasa bishiyoyi da gangan, ko an faɗaɗa lambunan inabi, ko an yi gine-gine da hanyoyi da wuraren fasa dutse. Kiwo mai yawa fiye da kima da ƙona ciyawa su ma suna cutar da ita.

Maganin ƙwari yana kashe ta kai tsaye, yana kuma rage farin da take ci. Rashin fikafikai ya ƙara tsananta duk waɗannan. Idan ta ƙare a wani gangare, da wuya wata ta zo daga nesa ta maye gurbi, domin gona ko titi ko gari sun isa su tare mata hanya.

Kariya

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya Saga pedo cikin nau'o'in da ke da rauni a jerinta na 1996. Tana cikin rataye na biyu na Yarjejeniyar Bern ta 1979, wanda ya ƙunshi dabbobin da ake ba cikakkiyar kariya, da kuma rataye na huɗu na Dokar Muhallai ta Tarayyar Turai ta 1992. Dokar ta hana kama ta ko kashe ta da gangan, da lalata wuraren da take hayayyafa. A Faransa tana cikin jerin ƙwarin da aka kare na 2007. Tana kuma cikin kundin halittun da ke fuskantar barazana na Rasha da na Yukren, a Suwizalan kuwa an lissafa ta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa.

Matsayinta ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Binciken da masu sha'awar halittu suka shiga a kudancin Faransa cikin shekarun 2000 ya gano ta a wurare da yawa da ba a san tana ciki ba, abin da ya nuna cewa ɓoyuwarta ta sa ana ganin ta fi ƙaranci fiye da yadda take. Jerin fari da gyare na Turai da IUCN ta fitar a 2016, wanda ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in nahiyar suna cikin haɗari, bai sa Saga pedo cikin masu haɗari a matakin nahiya ba. Amma a gefen arewacin yankinta, inda zuriyoyin ƙanana ne kuma a rabe, haɗarin ƙarewa yana nan.

Matakan da ake ɗauka sun fi karkata ga kula da muhalli: sare itatuwan da suka mamaye gangare, kiwo mai sauƙi da ake juyawa daga sashe zuwa sashe, barin wani ɓangare na ciyawa ba a yanka ba har ƙarshen lokacin zafi, hana fesa magani a gefen wuraren da take, da barin zirin ciyawa da zai haɗa wani wuri da wani. Saboda ƙwanta na daɗewa a ƙasa, ana bibiyar kowane wuri na tsawon shekaru kafin a yanke hukunci a kan halin da take ciki. Masana suna ɗaukar samunta a wuri a matsayin alamar cewa busasshen filin ciyawar yana cikin ƙoshin lafiya, don haka kare ta yana amfanar tsirrai da ƙwari da dama da ke zaune tare da ita.